Zuciyar Ragon Layya da Kuskuren Jalinus

’Yan’uwana ɗalibai, idan an feɗe rago ranar Babbar Sallah kada ku tsaya jiran hanta kawai. Ku roƙi Baba ya tsaga muku zuciyar. Za ku ga wani bango na tsoka mai kauri ya raba ta biyu, dama da hagu. A kan wannan bango likitoci suka shafe shekara dubu cikin kuskure.

Jalinus wani babban likita ne Bagirke da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2. A lokacinsa ba a yarda a tsaga gawar mutum ba, don haka birai da aladu yake feɗewa, ya ce haka cikin mutum yake. Ya koyar da cewa bangon nan yana da ’yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan jini ke wucewa. Da yake babban malami ne, kowa ya haddace, ba mai musu.

Sai a 1242 wani likita Musulmi, Ibn al-Nafis, haifaffen Sham da ya zauna a Alƙahira, ya rubuta cewa babu wata ƙofa. Jini yana fita daga ɓangaren dama ya tafi huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo hagu. Abin da ke cikin littafinmu na kimiyya ke nan yau. Ni dai ya burge ni.

A 1543 Vesalius, malamin jami’ar Padua a Italiya, ya fitar da littafi mai zane-zanen gawarwakin mutane da ya tsaga da hannunsa. Ya gyara wa Jalinus kurakurai da yawa. Misali, muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba. Ku shafa haɓarku ku ji.

Har yanzu ɗaliban likita, kamar na Jami’ar Ahmadu Bello, Zariya, sai sun koyi sassan jiki a kan gawa kafin su taɓa mara lafiya. Binciken gawa don gano sanadin mutuwa kuwa yana yi mana nauyi a nan, domin muna gaggauta jana’iza kuma muna girmama mamaci. Amma idan mutum ya faɗi farat ɗaya aka fara raɗe-raɗin guba ko sammu, wani lokaci wannan binciken ne yake nuna ciwon zuciya ne, ya wanke wanda ake zargi.

Daga wata ’yar aji biyu, ƙungiyar ’yan jarida