Safar Hannu ta Fata: Inda Take Kariya da Inda Take Cutarwa

Ƴan'uwa fatake, dillalai da ƴan lodi, yau maganarmu a kan hannu take, don da shi muke riƙe igiya, da shi muke ƙirga kuɗi. Duk wanda ya taɓa lodin shanu a kara, ko a Maraɗi ko a Maigatari, ya san yadda sa mai kilo 400 kan fizge igiya lokacin hawa mota. Igiyar roba da ta cika kasuwa ta fi ta rama sulɓi. In ta zame da gudu sai ta ƙone tafin hannu, ta saɓule fata. Ga ƙusa da tsatsar ƙarfe a jikin mota. Yaron da ya ji irin wannan rauni sai ya yi kwanaki bai taɓa igiya ba, abincin gidansa ya tsaya.

A nan safar fata take da amfani. Ta fatar saniya ta fi kauri, ita ce ta jan igiya da ɗaga ƙyauren mota. Ta fatar akuya ta fi laushi, ana iya ƙulli da kwance da ita. Ba sai mun je nesa ba: fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai, kuma dukawanmu za su iya ɗinkawa in an kai musu samfur. A zaɓi wadda ta zauna daidai, don mai yawa tana iya maƙalewa a ƙugiya ta ja hannu. Kuma da safa ko babu, kada a naɗe igiya a hannu. In sa ya zabura, safa ba ta hana yatsa karyewa.

To amma akwai inda safar fata kan zama cuta. Fata tana shan ruwa. In an yi feshin maganin kaska da ita, sai ta sha maganin ta riƙe, gubar ta dinga ratsa jiki duk ranar da aka sa ta. Haka jini da mahaifa. Cutar bakkale, mai sa shanu ɓari, tana kama mutum ta wurin rauni a hannu. Waɗannan ayyuka sai safar roba mai kai wa gwiwar hannu. Bisar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta ko da safa. Tana iya zama ciwon saifa. A kira likitan dabbobi.

In safa ta jiƙe, a shanya ta a inuwa, a ɗan shafa mata mai. Rana da wuta suna sa ta tsage. Wadda ta sha magani ko jini, a yar.

Muna roƙon iyayen gida kowa ya saya wa yaransa safa iri biyu, ta fata da ta roba. Kuɗinsu bai kai na jinya ba. Allah ya tsare, ya ba da kasuwa mai albarka.