Maganin Kitsen Jini Da Na Taurin Bayan Gida: Ina Haɗarin Yake?

Akwai wata tambaya da dattawanmu ke yawan yi da ƙasa-ƙasar murya, tun daga unguwar Kusugu har sauran sassan masarautar Daura: mutumin da likita ya ɗora a kan maganin rage kitsen jini, ko ya halatta ya haɗa shi da maganin da ke tausasa bayan gida? A matsayina na malamin jami'a mai koyar da ilimin magunguna, na ga ya dace a amsa ta a sarari, domin kunyar da ke tattare da ita tana jefa rayuka cikin haɗari.

Kitsen jini, wato kolestarol, ba ya ciwo. A hankali yake taruwa a bangon jijiyoyi har ya toshe su, sai a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe kimanin mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019. Taurin bayan gida kuwa kullum yana sanar da mai shi cewa yana nan. Saboda haka idan mutum ya zargi ƙwayar likita da bushe masa ciki, ita yake fara jefarwa, alhali ita ce ke tsare masa zuciya.

Magungunan da aka fi rubutawa a asibitocinmu su ne waɗanda sunayensu ke ƙarewa da statin, irin su atorvastatin da simvastatin. Masanin Japan Akira Endo ne ya gano na farkonsu a 1973, aka kuma amince da lovastatin a Amurka a 1987. A hanta suke aiki, inda suke rage kitsen da jiki ke sarrafawa. Shi kuwa docusate, mai tausasa bayan gida, a hanji yake nasa aikin: yana barin ruwa ya ratsa kashi ya yi laushi, cikin kwana 1 zuwa 3. Ba a san wata karawa mai haɗari tsakaninsu ba, haka ma tsakanin statin da lactulose. Amsar dai ita ce ana iya haɗawa, amma da sanin likita, kuma kada a wuce mako guda ana shan docusate ba tare da an koma asibiti ba.

Sai dai akwai wuraren da ake tuntuɓe. Na farko, wani rukunin maganin kitse, irin cholestyramine, a hanji yake aiki, shi ne ma ya shahara da haddasa taurin bayan gida, kuma yana kama wasu magunguna ya hana jiki tsotsarsu. Mai shan sa ya sha sauran magungunansa awa 1 kafinsa, ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Na biyu, ba a haɗa docusate da man farafin na sha, domin yana sa man ya ratsa cikin jiki. Na uku, abokan gabar simvastatin na gaske su ne irin su clarithromycin da erythromycin, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takarda ba. Suna tara shi a jini har ya illata tsoka. Wanda ya ji ciwon tsoka mai tsanani, ko ya ga fitsarinsa ya yi duhu, ya garzaya asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin basir da ake shelarsa da lasifika a kasuwanni. Filasko da tsamiya mun san su tun kaka da kakanni, amma jarkar da ba ta da suna balle lambar NAFDAC, babu wanda zai iya faɗin yadda za ta yi da ƙwayar likita. Kuma ba kowane jini a bayan gida ne basir ba. Idan ya zo da rama, musamman ga wanda ya haura shekara 50, gwaji ake buƙata.

Sau da yawa ma laifin ba na maganin kitse ba ne. Tramadol da kodin da ƙwayar ƙarin jini duk suna bushe ciki, haka ƙarancin shan ruwa a zafin bazara. Mutanen Daura na zamanin Daurama sai ranar Juma'a maciji ke barin su su ɗebi ruwa a Kusugu. Mu babu mai hana mu. A yawaita ruwa, a koma ga wake da zogale da kuɓewa da tuwon gero, a kuma riƙa taka ƙasa.

Shawarata ga 'ya'ya da ɗalibai masu kula da iyaye: ranar komawa asibiti, ku tattara duk abin da Baba ko Inna ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku zube a gaban likita. Ku faɗi abin da su ke jin nauyin faɗa. Likita na iya sauya magani ko rage shi, amma sai ya ji.