Baƙo da takardunsa: abin da doka ta ce

Darasinmu na yau daga Dakoro ya zo, cikin jihar Maraɗi. Za mu yi magana bisa baƙi da takardun da hukuma take nema gare su.

Kun san Dakoro garin kasuwa ne. Fatake suna zuwa daga Jibiya da Katsina sayen bisashe. Almajirai suna zuwa karatu. Dangi suna zuwa biki ko gaisuwar mutuwa. Da yawa cikinsu a gidajenmu suke sauka. Saboda haka maganar ta shafi kowane maigida.

Wane ne baƙo?

A idon doka, baƙo shi ne wanda ba ɗan ƙasar Nijar ba. Mutumin Tawa ko na Damagaram da ya zo Dakoro ɗan ƙasa ne. Amma mutumin Katsina baƙo ne, ko da Hausa yake yi kamarka, ko da ɗan ƙanen babanka ne.

Me doka ta ce?

Ranar 29 ga Oktoba 1981 gwamnati ta kafa doka mai lamba 81-40 bisa shigar baƙi da zamansu. Ta ce baƙon da zai wuce wata 3 ya nemi takardar izinin zama. Ranar 13 ga Janairu 2025 shugaban ƙasa Janar Abdurahamane Tiani ya sa hannu bisa sabuwar doka mai lamba 2025-02. Ga abubuwa uku da za ku riƙe daga cikinta.

Na ɗaya: baƙo ba ya shiga Nijar, ba ya zama cikinta, sai da takardar tafiya ko ta zama. Wanda ba shi da su ana iya maida shi inda ya fito.

Na biyu: duk wanda ya saukar da baƙo, dole ya shaida wa 'yan sanda. Ko haya ka ba shi, ko kyauta ka ba shi ɗaki don zumunci, duk ɗaya ne.

Na uku: wanda ya taimaki baƙo da gangan ya shiga ko ya zauna ba bisa ƙa'ida ba, ana iya ɗaure shi shekara 2 zuwa 5. Akwai kuma tara daga miliyan 5 zuwa miliyan 50 na sefa. Miliyan 5 jikka dubu 5 ke nan. Ku lissafa shanu nawa za a sayar kafin a biya.

To, mutanen Nijeriya fa?

A 1979 ƙasashen CEDEAO sun yarda mutanensu su riƙa shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Nijar ta fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. Amma tun Disamba 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso, wato ƙasashen AES, sun ce 'yan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza. Ku lura da kyau: biza ce aka yafe, ba a yafe takardar shaida ba. Dole baƙo ya riƙe takardar da ke nuna sunansa da ƙasarsa.

Me ya sa haka?

Hukuma tana so ta san wanda ke cikin ƙasa. Kun san yadda ɓarayin shanu da 'yan bindiga suke ƙetare iyaka. Idan an rubuta baƙon kirki, an raba shi da mugu. In ya yi ciwo ko ya rasu, an san inda za a nemi danginsa.

Me za ka yi?

Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Ka ba shi ruwa, ka ba shi tabarma. In ya huta, ka nemi takardarsa cikin ladabi. Yanzu ka iya karatu: duba suna, duba hoto, duba ranar da takardar za ta ƙare. Sa'an nan ku tafi komisariya tare. In ƙauye kake, ka fara gaya wa maigari, ku je wurin jandarma. Kada ka ba ɗan hanya kuɗi ya yi maka takarda. In ka biya wani abu a ofis, ka amshi rasit.

Ku tattauna wannan darasi da malaminku, ku karanta wa maƙwabta da ba su samu zuwa ba. Matambayi ba ya ɓata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.