Kyanwa Mai Jego da 'Ya'yanta: Dalilan Rabuwa da Hanyoyin Sake Haɗa Su

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan abubuwan da ke raba kyanwa da 'ya'yanta sabbin haihuwa, da matakan da za a bi a mayar da su gare ta. An ɗora bayanin a kan binciken masana halayyar dabbobi da ilimin likitancinsu, sannan aka auna shi da abin da aka saba ji a bakin jama'a. Maƙalar ta nuna cewa warin hannun mutum, wanda aka fi ɗora wa laifi, ba shi ne ke sa uwa ta ƙaurace wa 'ya'yanta ba. Sanyi da tsoro da rashin lafiya su ne manyan dalilai, kuma mafi yawansu ana iya magance su.

1.0 Gabatarwa

Kyanwa, wadda ake kuma kira mage ko mussa ko kuliya gwargwadon karin harshe, tana daga cikin dabbobin da suka fi kusanci da Bahaushe. Ita ke gadin rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera, kuma ta sami gurbi a cikin adabin baka. Akan yi mata kirari da "mage mai kwanciyar ɗaukar rai", akan kuma siffanta mutum marar cutarwa da "kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi". Addinin Musulunci ya ƙara mata daraja, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba.

Duk da wannan kusanci, akwai lokacin da mutanen gida kan rasa abin yi, wato sa'ad da aka tsinci 'ya'yan kyanwa suna kuka a ƙarƙashin gado ko a bayan buhunan hatsi, uwar kuwa ba ta kusa, ko tana kusa amma ba ta kula su. Abin da aka fi ji a irin wannan hali shi ne a bar su, domin wai duk ɗan da aka taɓa uwarsa za ta ƙi shi ko ta cinye shi. Wannan magana tana jawo mutuwar 'ya'yan da za a iya ceto da tsumma da kwali, don haka ta cancanci a yi mata nazari.

2.0 Halin Ɗan Kyanwa a Makonnin Farko

Kyanwa tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63 zuwa 65, kuma yawanci takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar. Nauyin kowane ɗa a ranar haihuwa yakan kai kimanin giram 100. Ana haihuwarsa ido a rufe, kafar kunne a toshe, kuma idanun ba sa buɗewa sai wajen kwana 7 zuwa 10. Kafin nan, da hanci da jin ɗumi yake lalubar uwarsa.

Abubuwa uku ne suka rataya rayuwarsa a wuyan uwa. Na farko shi ne ɗumi. Zafin jikin babbar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyos, amma na sabon haihuwa bai wuce 35 zuwa 37 ba, kuma ba ya iya riƙe shi da kansa sai ya kai wajen mako uku zuwa huɗu. Na biyu shi ne daƙashi, wato nonon farko mai kauri. Da shi ne ɗan ke samun sinadaran kariya daga cututtuka, kuma hanjinsa ba ya iya tsotse su sai a cikin yinin farko kawai, daga nan ƙofar ta rufe. Na uku shi ne lasa, domin ɗan kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi da kansa har zuwa kimanin mako uku, sai uwar ta lashi mararsa da gindinsa. Saboda haka rabuwar da ba ta fi ta yini ɗaya ba tana iya zama ajalin ɗan.

3.0 Yadda Uwa da 'Ya'ya Ke Gane Juna

Gaskiya ne cewa wari yana da muhimmanci a tsakanin kyanwa da 'ya'yanta. Tun a shekarar 1959 Ewer ta lura cewa cikin 'yan kwanakin farko kowane ɗa yakan zaɓi kan nonon da ya fi so, ya riƙa komawa gare shi. To amma tambayar ita ce, shin baƙon wari yana sa uwa ta ƙi ɗa?

Bánszegi da Hudson da abokan aikinsu a ƙasar Meksiko sun gwada wannan a wani bincike da aka buga a 2017. Sun ajiye wa iyaye mata 'ya'yansu tare da na wasu kyanwoyi a wajen makwanci. Iyayen sun fi daɗewa suna sansanar baƙin, alamar sun gane ba nasu ba ne, amma duk da haka suka kwashe su zuwa makwanci kamar yadda suka kwashe nasu. Wannan ya dace da abin da Macdonald da abokan aikinsa suka bayyana a 1987 game da kyanwoyin gona a Ingila, inda mata kan haɗa 'ya'yansu wuri ɗaya su shayar da su tare. Dabbar da ke karɓar ɗan wata ba za ta yar da nata ba don kawai hannun mutum ya shafe shi.

Murya ma tana da tata rawar. Konerding da abokan aikinta a Jamus sun nuna a 2016 cewa matan kyanwoyi sun fi saurin waiwayawa idan kukan ɗa ya nuna tsananin damuwa, alhali mazan ba sa bambantawa. Wannan yana bayyana wani abu mai muhimmanci: ɗan da ke kuka yana motsi shi ke jawo hankalin uwa, wanda kuwa sanyi ya kama har ya yi shiru ya daina aika mata saƙon da zai sa ta ɗauke shi.

Camfin hana taɓa 'ya'yan kyanwa yana da amfanin da ba za a raina ba. Kamar sauran camfe-camfen Hausawa da ke tsoratar da yara domin a kare su ko a kare wani abu daga gare su, shi ma yana hana yara damun mai jego. Yawan leƙe da ɗauka yana firgita ta, har ta kwashe 'ya'yan zuwa wani wuri. Hanin yana da tushe, dalilin da aka jingina masa ne ba daidai ba, kuma illarsa takan bayyana ne a lokacin da ɗan ke buƙatar a ɗauke shi.

4.0 Dalilan Rabuwa

Ba kowace rabuwa ce ƙiyayya ba. Mai jego takan fita neman abinci, takan kuma sauya makwanci, tana ɗaukar 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ta ƙeya. Wanda aka tsinta shi kaɗai mai yiwuwa ne yana jiran a zo kansa ne. Haka nan wasu kyanwoyin kan dakata da naƙuda na tsawon yini guda ko fiye, sannan su haifi sauran.

Inda kuwa uwa ta ƙaurace da gaske, dalilan sukan kasu gida uku. Akwai na muhalli, kamar hayaniya da karnuka da baƙon muzuru, wanda yakan kashe 'ya'ya a wasu lokuta. Yanayi ma yana cikin wannan rukuni. A lokacin hunturu zafin dare a Kano ko Damagaram yakan sauka ƙasa da digiri 15, a bazara kuma 'ya'yan da aka haifa a cikin silin ƙarƙashin rufin kwano sukan galabaita. Akwai dalilan da suka shafi uwa, kamar ƙuruciya da haihuwar fari, ko yunwa, ko ciwon nono da ke sa shi kumbura ya yi zafi, ko ruɓewar mahaifa idan mabiyiya ta maƙale, ko ƙarancin sinadarin kalsiyam da ke kawo karkarwa da taurin jiki. Wadda aka yi wa tiyata aka ciro 'ya'yan ma takan farfaɗo ba ta san su ba, domin ba ta lashe su a lokacin haihuwa ba. Rukuni na uku ya shafi ɗan da kansa, idan ya yi sanyi ko yana da rauni ko naƙasa.

5.0 Matakan Sake Haɗa Su

Mataki na farko shi ne lura daga nesa. Idan 'ya'yan suna da ɗumi, cikinsu a cike, suna barci a dunƙule, to uwar tana zuwa. Ana iya barbaɗa toka mai sanyi ko gari a kewayen wurin, a dawo bayan 'yan awanni a duba sawu. Tsayuwar mutum a kansu ita kanta tana hana uwa mai tsoro dawowa.

Mataki na biyu shi ne ɗumama ɗan da ya yi sanyi kafin komai. Ana gane shi ta sanyin tafin ƙafa da na cikin baki da rashin kuzari. A naɗe shi cikin tsumma a manna shi a jiki, ko a sa kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane kusa da shi, ya ɗumama a hankali cikin kamar awa guda. Kada a kanga shi a garwashi ko murhu, domin fatarsa tana saurin ƙonewa kuma ba ya iya matsawa. Kada kuma a ba shi komai ya sha yana cikin sanyi, saboda hanjinsa ba ya aiki a wannan hali.

Mataki na uku shi ne gyara makwanci. Kwali mai ɗan zurfi da aka shimfiɗa wa tsofaffin tufafi ya wadatar, a ajiye shi a lungu mai duhu a cikin ɗakin da za a iya rufewa. A sa wa uwar ruwa da abinci kusa, musamman nama ko kifi, domin mai shayarwa tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci.

Mataki na huɗu shi ne gabatar da ɗan. A wanke hannu, ba da sabulu mai ƙamshi ba. Ana iya goga tsumma a kumatun uwar da cikinta, sannan a shafe ɗan da shi, domin warin da ta sani yana kwantar mata da hankali. A miƙa mata shi ta wajen gindinsa, wurin da ta saba sansana da lasa. Da zarar ta fara lasa, an ci rabin aikin. Idan ta kwanta, a matso ɗigon nono a kai bakin ɗan har ya kama. Tsotson da kansa yana sa jikinta ya saki sinadarin oksitosin, wanda ke sauko da nono yana kuma ƙarfafa shaƙuwa. Idan ta yi gurnani ko ta kai hari, a janye ɗan, a ci gaba da ɗumama shi, a sake gwadawa bayan ɗan lokaci. Tilas ba ta haifar da komai a nan sai ƙarin tsoro.

Mataki na biyar shi ne bibiya. Ɗan da ke samun nono yakan ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum, ya ninka nauyinsa cikin mako guda zuwa kwana goma. Ƙaramin sikeli ya isa a tabbatar da haka. Kuka ba ƙaƙƙautawa da shafaffen ciki alama ce ta cewa nonon ba ya isar sa.

Wajibi ne a yi hattara da kyanwar da ba ta gida ba. Kada a kama ta da hannu, domin kyanwa ma tana ɗaukar cutar haukan kare. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya nufi asibiti.

6.0 Idan Haɗin Bai Yiwu Ba

Uwar da ke da zazzaɓi, ko ruwa mai wari na fita daga gabanta, ko nononta ya yi tauri, ko tana karkarwa, likitan dabbobi take buƙata cikin gaggawa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ban da asibitocin dabbobi na jihohi. Kada a ba ta maganin mutane, musamman farasitamol, wanda ƙwaya guda tasa tana iya kashe kyanwa.

Mafi alherin madadin uwa shi ne wata mai jego da 'ya'yanta suke sa'annin waɗannan, kuma binciken da aka ambata a sama ya nuna dalilin da ya sa hakan ke yin nasara. Idan ba a samu ba, sai a nemi madarar da aka haɗa musamman domin 'ya'yan kyanwa. Nonon saniya da madarar gwangwani da koko ba sa ƙosar da su, kuma sukan jawo gudawa. Ana ba su madarar duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, da ƙaramin sirinji marar allura, ɗan yana kwance rub da ciki don kada ta sarƙe shi. Bayan kowace ciyarwa a shafa mararsa da auduga mai ɗumi a madadin harshen uwa. Ko a wannan hali yana da kyau a riƙa kai su wurin uwar idan ba ta cutar da su, domin wadda ba ta da nono tana iya ba da ɗumi da lasa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kyanwa tana gane ɗanta ta wari, amma baƙon wari ba ya hana ta reno. Abin da ke raba ta da 'ya'yanta shi ne sanyi da firgici da ciwo, aikin mutum kuwa shi ne ya kawar da waɗannan ya bar mata sauran. Camfin hana taɓawa ya dace da 'ya'yan da ke kwance lafiya a jikin uwarsu a kwanakin farko, bai dace da ɗan da aka tsinta a sanyaye a tsakar gida ba. Bayan haka ma, binciken Karsh ya nuna cewa ɗaukar 'ya'yan kyanwa a hankali tsakanin mako 2 zuwa 7 shi ke sa su saba da mutane idan sun girma. Su kuma masu nazarin al'adun Hausawa, akwai aiki a gabansu na tattara camfe-camfen da suka shafi dabbobin gida daga Kano zuwa Maraɗi, a tantance abin da kowanne yake karewa da kuma inda yake cutarwa.