Daɓe da Famfo: Wanne Ke Gaba a Gyaran Tsohon Gida?

A unguwannin Gwale na cikin badala, irin su Mandawari da Diso da Galadanci, akan tarar da gidajen da sai mutum ya sauka taki ɗaya ko biyu daga lungu kafin ya shiga zaure. Ba haka aka gina su ba. Shekara da shekaru ana zuba ƙasa da ɓaraguzan gini a lungu don maganin taɓo, daga baya aka zo da kwatar siminti, har lungun ya ɗaga, gidan kuwa yana nan inda kakanni suka bar shi. Wannan tazara ita ce ke tsara yadda aikin gyara zai gudana, ko da yake hankalin mai gida ya fi tafiya ga launin tayil.

A ginin gargajiya babu gardama kan abin da ke gaba. Magini ya ɗora tubali, ya jera azara, ya yi rufi da yaɓe, sa'an nan mata su zo da madaɓi su daɓe birji, su shayar da shi ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Daɓe ne ƙarshen aiki, domin babu abin da aka binne a ƙarƙashinsa. Al'amarin ya canza bayan shigowar ruwan famfo birnin Kano daga Challawa a farkon shekarun 1930, da kuma yaɗuwar siminti da lantarki. Yau ƙarƙashin daɓe akwai bututun kawo ruwa da na fitar da shi, kuma duk wanda aka manta da shi sai an fasa daɓen kafin a kai gare shi.

Saboda haka awo yakan fara ne daga waje, daga inda rariyar gida ke zuba cikin kwata. Ruwan da aka yi amfani da shi ba ya da injin da ke tura shi, gangara kawai yake bi. Bututu mai faɗin inci 4 yana bukatar gangarar kimanin santimita 2.5 a kowace mita ɗaya. Idan daga banɗaki zuwa lungu akwai mita 12, ke nan dole bakin bututun a banɗaki ya ɗara maƙurarsa tudu da santimita 30. Daga wannan lissafi ake sanin tudun banɗaki, daga shi a san na tsakar gida, sa'an nan na ɗakuna, waɗanda ya kamata su fi tsakar gida tudu. Wanda ya fara da shimfiɗa tayil a ɗaki kafin ya yi wannan awo yana iya wayar gari a watan Agusta ya ga ruwan kwata ya juyo cikin gida.

Kayan awon ba su da tsada. Siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya isa, domin ruwan da ke bakinsa biyu kullum yakan tsaya a tudu ɗaya, ko da an zagaya da tiyon ta bayan bango. Da shi ake ja layi a jikin bangon kowane ɗaki, mita ɗaya sama da inda sabon daɓe zai ƙare. Birkila da mai aikin famfo da kafinta duka daga wannan layi za su riƙa aunawa. Tun ran gini, tun ran zane.

Bayan awo sai haƙa. A nan ya kamata a tambayi tsofaffin gida inda aka taɓa yin shadda ko rijiya aka cike, don irin wannan wuri yakan zauna daga baya, ya tsaga duk abin da aka shimfiɗa a kansa. Idan an binne bututu, a toshe bakinsu, a cika su da ruwa, a bar su kwana guda a ga ko suna yoyo kafin a rufe.

Sai kuma duk aikin da ke zubar da abu daga sama: rufi, sassaƙar bango don wayar lantarki, shafen siminti, silin da zubin farko na fenti. Waɗannan a bayyane suke, a gama su kafin tayil ya shigo.

Wurin da aka fi yin asara shi ne gindin bangon ƙasa. Damshi yana hawa bango ta ƙananan kafofi, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Daɓen birji yana barin wani ɓangare na damshin ƙasa ya fita ta samansa. Da zarar an rufe shi da siminti da tayil, damshin ba ya da mafita sai bango. In an ƙara da shafe bangon da siminti ciki da waje, sai tubalin ya jiƙe a ɓoye, ya yi laushi, alhali fuskar bango tana ƙyalli. Alamar farko ita ce farin gishiri da kumburin fenti daga ƙasa zuwa wajen ƙugu. Don haka kafin a yi daɓe a gyara gindin bango, a karkatar da ruwan indararo nesa da shi, a kuma bar wa bangon yaɓen da zai iya numfashi ta cikinsa.

Kayan da ake kafawa kuwa ba rana ɗaya suke shiga ba. Masai na tsuguno a cikin daɓe ake dasa shi, don haka yana riga tayil, kuma tayil ɗin ne ke gangarowa zuwa gare shi. Masai na zama a kan tayil ake ɗaure shi, sai an gama. Firam ɗin ƙofa yana shiga kafin shafe, amma ƙyaure sai bayan daɓe, domin tayil da simintin da ke ƙarƙashinsa sukan ci santimita 3 zuwa 4. A tsohon gida da ƙofofinsa dama gajeru ne, wannan kan tilasta a ɗaga saman ƙofa tun da farko. Kantocin kicin da durowar bango su ne na ƙarshe, kuma ya fi kyau tayil ya wuce ta ƙarƙashinsu, saboda ranar da za a sauya su.

Abin da ya rage shi ne lokaci, kuma yawancin gyaran ɗaki a cikin birni ana yin sa ne da ranar biki a gaba. Ƙarfin siminti ba daga bushewa yake zuwa ba. Haɗuwarsa da ruwa ce ke ƙarfafa shi, kuma injiniyoyi sukan auna cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28. Cikin hunturu, iska takan zuƙe ruwan kafin aikin ya kammala, don haka ake shayar da sabon daɓe aƙalla kwana 7. Bayan nan ne zai fara fitar da sauran ruwan jikinsa, kusan milimita ɗaya na kaurinsa a kowace rana. Shimfiɗa mai kaurin santimita 4 tana son wajen kwana 40 ke nan kafin 'yan jere su ɗora mata leda da kafet da gadon amarya.