Yadda Ake Sauya Wa Tayoyi Wuri a Mota Mai Taya Shida

Idan kaka ta yi, motar ɗaukar kaya ba ta da hutu. Yau ta kwashi masara zuwa kasuwar Dawanau, gobe ta ɗauko tumatir daga fadama, jibi ta kai awaki kasuwa. Duk wannan nauyi a kan taya yake zaune. Taya kuwa tsada gare ta. Idan ta fashe a daji, ga asarar kuɗi, ga kaya na lalacewa a rana, wani lokaci har da asarar rai.

Akwai wata dabara da ke sa tayoyi su daɗe, kuma ba ta cin kuɗi da yawa. Dabarar ita ce sauya wa tayoyi wuri lokaci-lokaci.

Wace mota muke nufi?

Muna nufin mota mai taya biyu a gaba da huɗu a baya, biyu a dama biyu a hagu, a jere kamar tagwaye. A ƙasar Amurka akwai manyan a-kori-kura masu irin wannan ƙafa, kamar Ford F-350 da Ram 3500 da Chevrolet Silverado 3500. Manoma da makiyayan can suna jan tirelar shanu da ta dawakai da su. A nan wajenmu kuwa, waɗanda muka fi sani su ne Kanta ta kamfanin Mitsubishi da Daina ta kamfanin Toyota. Sunaye sun bambanta, amma ƙa'idar kula da tayoyinsu kusan ɗaya ce.

Me ya sa tayoyi ba sa cinyewa daidai?

Kowace taya da irin wahalarta. Na gaba su ne ke bin sitiyari. Duk kwanar da direba ya sha, gefensu ne ke gugar ƙasa. Saboda haka sukan fara cinyewa ta kafaɗa. Na baya su ne ke tura mota, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan lodi.

A cikin tagwayen ma akwai bambanci. Ta waje ita ce ke karo da bakin kwalta da kututture da duwatsun gefen hanya. Ta ciki tana kusa da birki, tana shan zafinsa. Ga shi kuma a ɓoye take, ba kowa ke tunawa da ita ba. Ban da haka, ana yin titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare. Wannan tudu yakan sa nauyi ya fi danne ta ciki.

Idan aka bar kowace taya a wuri ɗaya, sai wata ta suɗe alhali 'yan'uwanta na da sauran zane. Idan kuwa ana sauya musu wuri, sai su raba wahalar, su tsufa tare.

Yaushe ya kamata a sauya?

Abu na farko shi ne duba littafin da ya zo da motar. Idan babu littafin, ƙa'idar da aka saba bi ita ce bayan tafiyar kilomita 8,000 zuwa 10,000. Motoci da yawa a karkara agogon kilomitarsu ya daina aiki. Mai irin wannan mota sai ya haɗa aikin da juyen baƙin mai, ko kuma ya tsayar da lokaci, kamar kafin jigilar kaka da kafin faɗuwar damina. In kuma ka lura wata taya ta fara cinyewa ta gefe guda, kada ka jira lokaci ya cika.

Hanya ta farko: dama zuwa hagu

Wannan ita ce mafi sauƙi. Tayar gaba ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Tagwayen baya na dama su koma hagu tare, na hagu su koma dama tare. Ba a raba tagwaye. Kamfanin Ford ya ba da wannan shawara a littafin manyan a-kori-kurarsa masu taya shida.

Wannan hanya ita ta dace idan zanen tayoyin gaba daban ne da na baya. Direbobi da yawa kan sa mai zane a miƙe a gaba, su sa mai manyan haƙora a baya don laka da yashi. Haka kuma ta dace da motocin da wilinsu na waje na alminiyam ne mai ƙyalli, na ciki kuwa na ƙarfe. Irin waɗannan wili ba a musayarsu.

Hanya ta biyu: zagayen uku

Wannan sai idan tayoyin shida duka girmansu ɗaya, zanensu ɗaya, wilinsu ma iri ɗaya. Kowane ɓangare na mota yana yin nasa zagayen. Ga yadda ake yi a ɓangaren dama:

1. Tayar gaba ta koma baya, ta zama ta waje.
2. Ta waje ta shiga ciki.
3. Ta ciki ta dawo gaba.

Haka za a yi a ɓangaren hagu. Idan aka yi wannan sau uku, kowace taya ta ɗanɗana kowane wuri. Amma a kula, duk tayar da za ta zo gaba dole ta kasance lafiyayya. Kada a kawo mai ƙari, ko mai tsaga a gefe, ko mai babban faci. Idan tayar baya ɗaya ta fashe, 'yar'uwarta za ta riƙe mota har direba ya gangara gefe. Tayar gaba ba ta da mataimaki. In ta fashe ana gudu, sitiyari na iya ƙwacewa.

Wasu tayoyi suna da hoton kibiya a gefensu. Kibiyar tana nuna inda tayar za ta riƙa juyawa. Duk inda aka kai irin wannan taya, a tabbata kibiyar na bin juyin tafiya gaba. Idan wurin da za a kai ta zai sa kibiyar ta juya baya, sai mai faci ya cire ta daga wili ya juya ta.

Tagwaye su zama daidai

Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu ya san abin da ke faruwa idan aka haɗa dogon sa da gajere a karkiya ɗaya. Ɗaya ya sha nauyi, ɗaya a yi ta jan sa. Haka tagwayen taya suke. An ɗaure su wuri ɗaya, dole su yi juyi ɗaya. Babbar za ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, ta yi zafi. Ƙaramar kuwa za a riƙa jan ta a ƙasa.

Ga ɗan lissafi. Taya mai lamba 7.50R16, wadda ake yawan sa wa Kanta, kewayenta kusan mita biyu da rabi ne. Ke nan tana juyi wajen 400 a kilomita ɗaya. A ce ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da santimita 2 a kewaye. A kowace kilomita za a ja ta a ƙasa har mita 8. A tafiyar kilomita 100, an gurje ta mita 800 ke nan. Shi ya sa za ka ga taya ta suɗe ba ta daɗe ba.

Gwajin ba shi da wuya. A ba tayoyin iska daidai. A sami igiyar da ba ta miƙewa, a zagaya tsakiyar taya ta farko da ita, a yi alama. A zagaya ta biyu. Masu yin taya sun ce kada bambancin ya wuce wajen santimita 2, wato kusan faɗin babban yatsa. In akwai ɗan bambanci ƙasa da haka, a sa wadda ta fi girma a waje. Kada a haɗa sabuwa fil da tsohuwa. Kada kuma a haɗa mai harafin R a lambarta, wato mai waya, da mai zare.

Yadda za a yi aikin ba haɗari

A sauke kaya tukuna. A tsayar da mota a wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe, ba kan yashi ko gangara ba. A ja birkin hannu, a sa giya, a tokare tayoyi da waigi. Kafin a cire komai, a rubuta wa kowace taya wurinta da alli don kada a rikice.

A sassauta notuna tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga da jak. Da an ɗaga, a saka ƙarfen tokara ko katako mai kauri a ƙarƙashin mota. Jak yana zamewa. Kada kowa ya sa jikinsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe.

Ga wani abu da ke ba sababbin yaran mota wahala. A motocin Japan da yawa, irin su Kanta da Daina, notunan ɓangaren hagu a juye suke kwancewa. Duba kan ƙusar, za ka ga harafin L a hagu, R a dama. Wanda bai sani ba sai ya yi ta tsalle a kan sifana yana ƙara ɗaurewa, har ƙusa ta karye. Waɗannan motoci kuma sukan zo da noti biyu a baya, na ciki mai riƙe wilin ciki, da na waje. Sai an ɗaure na ciki tam kafin a sa wilin waje.

A kankare tsatsa da busasshiyar laka daga fuskar wili kafin a mayar. Idan aka bar datti a tsakani, zai marmashe a hanya, notuna su yi sako-sako. A jera wili yadda za a iya kai hannu ga bawul ɗin tayar ciki ta ramin wilin waje. A ɗaure notuna a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ba a bi su a jere ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake bin su da sifana.

Wili mai zobe yana da nasa haɗarin. Idan zoben bai zauna daidai ba, iska na iya cilla shi da ƙarfin da zai kashe mutum. In ka ga tsaga ko lanƙwasa a wili ko zobe, a sace iskar tagwayen duka biyu kafin a taɓa noti. Kada kuma a tsaya a gaban zobe ana ba taya iska.

Iska da lodi

Bayan an sauya wuri, a sake gwada iska, domin iskar gaba da ta baya ba lalle su zama ɗaya ba. Ana rubuta adadin a jikin ƙofar direba ko a littafin mota. A gwada da geji, da safe, tun taya ba ta yi zafi ba. Buga taya da sanda zai nuna maka wadda ta sace gaba ɗaya, amma ba zai nuna wadda ta rage kaɗan ba. Tagwaye su sami iska daidai wa daida. Idan iska ta yi ƙasa, cikinsu kan taɓa juna, su yi ta guga har su yi zafi su fashe. Haka kuma a riƙa leƙa tsakaninsu a cire duwatsun da suka maƙale.

A gefen taya za ka ga lambobi biyu, misali 122/118. Ta farko tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 1,500 idan ita kaɗai ce. Ta biyu tana nufin kilo 1,320 idan tana cikin tagwaye. Ke nan tayoyin baya huɗu iyakarsu kilo 5,280, kuma a ciki har da nauyin bayan motar kanta. Buhu goma na ƙari na iya kawo ribar yini ɗaya, ya kuma ci taya biyu.

Abin da taya ke gaya maka

Ranar sauyi rana ce ta duba lafiyar mota. Idan gefe biyu na taya sun cinye tsakiya na nan, iska ce ke yin ƙasa. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe guda ne kawai, saitin ƙafa ya goce. Idan cinyewar tudu da kwari ce, a duba shakazoba da boris. Sauya wuri ba ya gyara waɗannan. Sai an kai wa bakanike, in ba haka ba tayar da aka kawo wurin ita ma haka za ta cinye.

A cikin kwarin zanen taya akwai wasu 'yan tuddai masu tsayin milimita 1.6. Ranar da zane ya yi daidai da su, aikin tayar ya ƙare. Akwai kuma lambobi huɗu masu nuna ranar haihuwarta. Tun shekarar 2000 haka ake rubutawa: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha jan kunnen direbobi game da tsofaffin tayoyi na gwanjo. Araha dai ba ta ado.

A ƙarshe

Mai mota ya tanadi ɗan littafi a gaban mota. Duk ranar da aka sauya, a rubuta kwanan wata da kilomita da hanyar da aka bi. Idan motar ta ƙungiyar manoma ce, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba littafin nan kowane wata. Manomin da zai ɗora amfanin shekararsa a motar haya shi ma yana da haƙƙin ya sunkuya ya leƙa tayar ciki kafin a fara lodi. In ya ga waya ta fito, ya nemi wata motar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.