Ƙalubalen Ɗaukar Hoton Sararin Samaniya Mai Faɗi: Misali Daga Cibiyar Vera C. Rubin

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin matsalolin da ake fuskanta wajen ɗaukar hoton yanki mai faɗi na sararin samaniya, tun daga kafa na'urar hangen nesa har zuwa tace hoton da kwamfuta. An ɗauki cibiyar nazarin taurari ta Vera C. Rubin da ke ƙasar Cile a matsayin misali, domin a nuna cewa faɗin hoto yana zuwa ne tare da ƙarin kurakuran da dole a gyara kafin a dogara da shi wajen bincike.

1.0 Gabatarwa

Yawancin manyan na'urorin hangen nesa suna duban ɗan ƙaramin yanki ne na sama a lokaci guda, tamkar mai leƙe ta kafar ƙofa. Irin wannan duba yana da amfani idan an riga an san abin da ake nema. Amma mai neman abin da bai san inda zai ɓullo ba, kamar dutsen da ke yawo kusa da duniya ko tauraron da ya fashe a daren jiya, yana buƙatar hoto mai faɗi da za a riƙa maimaitawa. A 1930 Bernhard Schmidt ya ƙirƙiro tsarin madubi da gilashi da ya sauƙaƙa wannan aiki, kuma da irin na'urarsa aka ɗauki hotunan sama a dutsen Palomar na Amurka daga 1949 zuwa 1958, a kan farantan gilashi. Ƙirƙirar allon kama haske na lantarki a 1969 ta sauya fannin, sai dai ta zo da nata matsalolin.

2.0 Cibiyar Rubin

An gina cibiyar a kan tsaunin Cerro Pachón, wuri mai tsayin sama da mita 2,600, kuma an raɗa mata sunan masaniyar da bincikenta kan juyawar garken taurari ya ƙarfafa hujjar samuwar wani abu mai nauyi da ba ya ganuwa. Babban madubinta yana da faɗin mita 8.4. Kyamararta, wadda aka haɗa a cibiyar SLAC ta Kalifoniya, tana da ɗigon hoto miliyan 3,200, kuma faɗin abin da take kamawa a ɗauka guda digiri 3.5 ne, wato kamar a jera cikakken wata bakwai. An fitar da hotunanta na farko ranar 23 ga Yuni, 2025. Manufar ita ce a shafe shekara 10 ana ɗaukar samaniyar kudu, ana komawa kan kowane yanki bayan 'yan kwanaki.

3.0 Matsalolin Kafa Na'ura

3.1 Karkacewar haske

Madubi guda mai lanƙwasa yana tattara haske da kyau a tsakiyar hoto, amma idan aka matsa gefe sai tauraro ya daina zama ɗigo, ya fito da wutsiya ko ya miƙe. Gwargwadon faɗin hoto, gwargwadon tsananin wannan aibi. Domin magance shi, na'urar Rubin tana amfani da madubai uku, na farko da na uku an sassaƙa su a jikin gilashi ɗaya, sannan haske ya ratsa gilasai uku kafin ya isa allo. Wannan tsari yana tattara haske a gajeren zango, don haka kuskuren da bai kai kaurin gashi ba wajen daidaita allo ya isa ya dusashe hoton. Tun da nauyi da sauyin zafi suna lanƙwasa madubi a cikin dare, an sanya na'urorin awo a kusurwoyi huɗu na allon, waɗanda ke auna karkacewar domin a riƙa gyara siffar madubi da matsayinsa ana cikin aiki.

3.2 Juyawar duniya

Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. A kyamarar Rubin, wannan yana nufin tauraron da ke saitin tsakiyar duniya zai ƙetare ɗigo 75 a daƙiƙa ɗaya idan na'urar tana tsaye, wato ɗigo 2,250 a ɗaukar daƙiƙa 30. Saboda haka dole na'urar ta bi tauraro sau da ƙafa. Bugu da ƙari, irin gindin da aka ɗora ta a kai yana sa hoton sama ya riƙa kewayawa a hankali, abin da ya wajabta juya kyamarar kanta, mai nauyin kusan tan 3. Bayan kowace ɗauka kuma na'urar tana matsawa sabon yanki, ta natsu cikin kimanin daƙiƙa 5.

4.0 Matsalolin Tace Hoto

4.1 Aibin allo

Allon kyamarar haɗin ƙananan alluna 189 ne, kowane da hanyoyin karanta haske 16, jimilla 3,024, kuma kowace hanya da nata hali. Ana sanyaya su zuwa kimanin digiri 100 ƙasa da sifili domin rage hayaniyar da zafi ke haifarwa. Duk da haka, ɗanyen hoto ba ya amfanuwa sai an cire alamar da allo ke bayarwa ko babu haske, sannan a raba shi da hoton farin fili mai haske bai ɗaya, wanda ke bayyana inabin ƙura da wuraren da haske ya ragu. Akwai kuma aibi mai wuyar ganewa: tauraro mai ƙarfin haske yakan fito da ɗan kauri fiye da mai rauni, domin cajin da ya taru a ɗigo yana ture sabon caji zuwa maƙwabtansa.

4.2 Iska da siffar tauraro

Motsin iska yana baza hasken tauraro, kuma bazuwar ba ɗaya ba ce a faɗin hoto, ba ɗaya ba ce daga ɗauka zuwa ɗauka. Wannan lamari ne babba, domin ɗaya daga cikin hanyoyin auna abin nan marar ganuwa ita ce lura da ɗan miƙewar da nauyinsa ke jawo wa siffar garken taurari masu nisa. Idan ba a auna miƙewar da iska da madubi suka haifar ba aka cire, sai a ɗauki aibin na'ura a matsayin halin samaniya.

4.3 Haɗawa da debewa

Sama dunƙulalliya ce, hoto kuwa shimfiɗaɗɗe, don haka haɗa hotuna masu faɗi yana buƙatar lissafin miƙa kowane ɗaya har taurari su hau kan juna daidai. Domin gano sabon abu, ana debe tsohon hoton yanki daga sabo. Abin da ya rage shi ne abin da ya motsa ko ya sauya haske. Ƙaramin kuskure wajen daidaitawa yakan bar ragowar da ke kama da sabon tauraro. An ƙiyasta cewa cibiyar za ta riƙa tara bayanai kimanin terabayit 20 a dare, tare da sanarwar sauyi har miliyan 10, adadin da ya fi ƙarfin idon mutum, sai manhaja.

4.4 Taurarin ɗan Adam

Tun daga Mayun 2019, lokacin da aka harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60, yawan zanen haske a hotunan sama ya ƙaru. Hoto mai faɗi ya fi saurin kamuwa, musamman bayan faɗuwar rana da gabanin fitowarta, wato daidai lokacin da ya fi dacewa a nemi duwatsun da ke tahowa daga wajen rana. Ana iya rufe zanen da manhaja, amma abin da ke bayansa ya ɓace a wannan ɗauka.

5.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa hoton sararin samaniya awo ne, kuma ingancinsa ya dogara da sanin kuskuren madubi da na allo da na iska. A gwajin farko na kusan awa 10, cibiyar Rubin ta gano sababbin duwatsun samaniya sama da 2,000, bakwai daga cikinsu masu wucewa kusa da duniya. Amincewa da irin wannan sakamako ya ta'allaƙa ne ga gyare-gyaren da aka zayyana a sama. Ga masu nazarin Hausa kuwa, harshen da ya tanadi sunaye irin su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta yana buƙatar daidaitattun kalmomin na'urorin da ake duban waɗannan taurari da su a yau, kuma kalmomin da aka yi amfani da su a nan shawara ce da ke jiran gyaran masana.